Yaya ake karanta alƙaluman makarantar tsakiya ta gwamnati a Amurka?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah wanda ya sani ya warware mini wannan. A rahoton makarantun tsakiya na gwamnati a Amurka, wato aji 6 zuwa 8, akan rubuta kason ɗaliban da suka kai mizani a lissafi da karatu, a gefe kuma ga kason 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, da masu koyon Turanci, da rabe-raben launin fata. To a ce wata makaranta kashi 70 cikin 100 sun kai mizani, wata kuma kashi 35, shi ke nan ta farkon ta ninka ta biyun iya koyarwa? Kuma me ya kawo zancen abincin rana kyauta cikin maganar karatu?

Malamin Lissafi:
Wa alaikumus salam, Hajiya. A'a, ba haka ake karanta shi ba, kuma iyaye da yawa nan suke kuskure.

Dokar ilimi ta tarayya da ake kira ESSA, ta shekarar 2015, ta wajabta a gwada yara a lissafi da karatu kowace shekara daga aji 3 zuwa 8. Amma kowace jiha ita ke tsara jarrabawarta, ita ke kuma yanke makin da za a ce yaro ya kai mizani. Don haka kashi 50 na wata jiha ba ɗaya ba ne da kashi 50 na maƙwabciyarta. Jarrabawar ƙasa baki ɗaya da ake kira NAEP ce ke auna jihohi da mudu ɗaya, ita kuwa ba ta fitar da sakamakon makaranta guda.

Sannan yaron da ya shigo aji 6 ya riga ya kwashe shekara shida a firamare. Abin da ya zo da shi daga can da kuma daga gida, shi ne yawanci ke bayyana a wancan kaso. Tun rahoton Coleman na 1966, wani babban bincike kan makarantun Amurka, aka gano cewa halin da gida yake ciki yana da babban tasiri a makin yara.

Abin da za ki nema shi ne ma'aunin ci gaba. Jihohi da dama suna kwatanta yaro da takwarorinsa da suka ci maki irin nasa bara, su ba shi lamba tsakanin 1 da 99, 50 ce tsaka-tsaki. Ɗauki yarinya da ta shigo aji 6 tana karatu irin na 'yan aji 3, tana bin layi da yatsa tana haɗa baƙaƙe. Shekara ta ƙare tana karanta littafin 'yan aji 5. A takarda ba ta kai mizani ba, alhali malamarta ta yi aikin shekara biyu cikin ɗaya. Binciken Sean Reardon na Jami'ar Stanford ya nuna haka a Chicago: makin yaran bai kai matsakaicin ƙasa ba, amma tsakanin aji 3 da aji 8 sun koyi abin da ya kai na shekara shida cikin biyar.

Mai Ƙididdiga:
Malam ya gama magana kan wannan ɓangaren, bari in taɓa na abincin. Da shi ake ƙiyasta talauci. Gidan da kuɗin shigarsa bai wuce kashi 130 cikin 100 na layin talauci na tarayya ba, yaronsa kyauta zai ci. Wanda bai wuce kashi 185 ba, a rage masa kuɗi. Sai dai yanzu akwai tsarin da ke bai wa makarantun unguwannin talakawa damar ciyar da kowa ba tare da cike takarda ba, don haka in kin ga kashi 100, kada ki ɗauka lallai kowane yaro matalauci ne.

Ki kwatanta rukuni da irinsa. 'Ya'yan masu ƙaramin ƙarfi na wannan makaranta, ya suke in aka jera su da irinsu na faɗin jihar? Nan ake gane makarantar da ke aiki da wadda unguwar masu hali ta rufa wa asiri. Ki kuma duba yawan yaran rukunin: in su 20 ne, yaro ɗaya kashi 5 ne cur, biyu su yi rashin lafiya ranar jarrabawa sai a ga kamar an faɗi warwas. A haɗa shekara uku a duba.

Masu koyon Turanci kuwa kusan kullum makinsu a ƙasa yake, saboda bayan yaro ya ƙware akan fitar da shi daga rukunin, sababbin zuwa su maye gurbinsa. Rukunin launin fata ma buhu ne mai faɗi: yaron da iyayensa suka iso daga Afirka bara da wanda kakanninsa haifaffun Amurka ne, layi ɗaya ake sa su.

Uwar Biyu:
Allah ya saka da alheri, yanzu na fahimta. Ban da maki, akwai wani abin dubawa?

Tsohuwar Malama:
Akwai, 'yar'uwa, kuma ni shi na fi bai wa muhimmanci: fashin makaranta. Yaron da ya rasa kashi 10 na kwanakin karatu ana lissafa shi mai yawan fashi. A shekarar kwana 180, kwana 18 ke nan, kamar kwana biyu a wata, abin da iyaye ba sa ma lura da shi. Lissafin aji 7 kuwa bisa juna aka ɗora shi. Wanda ya rasa makon da aka koyar da lambobi masu ɗebewa, wato na ƙasa da sifili, zai sha wuya in aka zo aljabara, lissafin da ake sa haruffa a madadin lambobi.

Ki tambayi yara nawa ke yin aljabara a aji 8, kuma su waye a ajin, don shi ke buɗe hanyar manyan darussan lissafi a sakandare. Rahoton jiha yana nuna yawan sababbin malamai da masu koyar da darasin da ba fanninsu ba. Ki duba har da kason waɗanda suka zauna jarrabawar: doka kashi 95 take nema, in ya gaza haka sai ki tambayi shugaban makarantar su waye ba su zauna ba.