Gajimare ko sabar haya sukutum? Wanda ya taɓa ya ba mu labari

Ɗan Zazzau: Assalamu alaikum jama'a. Ni ke riƙe da shafin duba sakamako da biyan kuɗin makaranta na wasu makarantun kuɗi guda bakwai a Zariya da Kaduna. Tun 2021 komai nawa yana kan gajimare, wato kilawud, inda kake hayar ƙarfin kwamfutocin wani kamfani ta intanet kana biyan gwargwadon abin da ka yi amfani da shi. A dala bil ɗina bai motsa sosai ba, amma tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 har ta haura 1,500 a farkon 2024, abin da nake biya ya ninka fiye da uku. Su kuwa makarantu da naira muka yi yarjejeniya, shekara-shekara, kuma ka san shugaban makaranta in ka ce masa dala ta tashi sai ya ce shi ma ta tashi a kansa. Wani abokina ya ce in kama saba guda sukutum, wato kwamfutar da shafi ke zaune a kanta, ni kaɗai a kanta, in huta. Ba bayanin talla nake nema ba. Wanda ya gwada ya faɗa mini abin da ya gani.

Bakatsine: Wa alaikumus salam. Malam, ni na yi wannan hijirar shekara biyu da suka wuce. Na kama tsohuwar saba a wani kamfani a Jamus, RAM (ƙwaƙwalwar aikinta) giga 64, diski biyu na ajiye bayanai, kuɗinta a wata bai kai Yuro 50 ba. Irin wannan ƙarfin in ka ce a gajimare za ka haya, sai ka sayar da gona. Wajen kuɗi ban taɓa nadama ba.

Amma ga abin da abokinka bai faɗa maka ba. Daren jajiberin babbar Sallah, ina tsaye wajen mai raguna muna ciniki, saƙo ya shigo wayata cewa diski ɗaya ya mutu. Allah ya taimake ni na haɗa su RAID tun farko, duk abin da ke kan wannan yana kan wancan, don haka shafin bai faɗi ba. Na koma gida na buɗe kwamfuta, na lalubo lambar jikin diskin da ya lalace, na tura musu. Suka cire suka sa sabo, suka rubuto cewa sun gama. Iyakar nasu ke nan. Raba sabon diskin, mayar da shi cikin RAID, zama ina kallon kashi-kashi yana hawa har wajen ƙarfe uku na dare, duk ni ne. Da na yi kuskuren lamba suka cire mai lafiyar, da yanzu wani labarin nake ba ku. Su nasu ƙarfe ne da wuta da layin intanet. Abin da ke cikin ƙarfen, kai da Allahnka.

Maman Biyu: Ni atamfa da leshi da turaren wuta nake sayarwa ta shafina, ƙanena ne ke kula da ɓangaren fasahar. Gajimare ya taɓa ƙona mu. Mun fara ɗora bidiyon kaya, mata suna ta kallo suna turawa juna, muna murna. Ƙarshen wata bil ya zo, na ɗauka kuskure ne. Ashe shigar da bayanai kyauta ne, fitarsu ake caja, kusan santi 9 na dala kowace giga. Ga kuma wata sabar gwaji da yaron ya kunna ya manta da ita sati uku tana cin kuɗi kamar famfon da aka bari a buɗe.

Duk da haka ban bar shi ba. Mun kwashe bidiyoyin zuwa wani wuri, mun sa a riƙa turo mana gargaɗi in kuɗin ya kai wani adadi. Dalilina goman ƙarshe na azumi. A kwanakin nan muke cinikin da ba ma yi a wata uku, sai mu ƙara ƙarfi na sati biyu, bayan Sallah mu sauke. Ɗan Zazzau, ina ganin kasuwarka irin tawa ce: sau uku a shekara iyaye ke rufto maka, ranar sakin sakamako.

Ɗan Zazzau: Hajiya kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ranar sakamako kam daga bayan la'asar zuwa isha'i kowa na kan shafin.

Baba Injiniya: Ku yara kuna da sauƙi. Mu mun yi zamanin da saba ke ajiye a ofis, a Kano, ƙarƙashin tebur. Kada kowa a nan ya yi sha'awar hakan. Zafin Afrilu sai na'urar sanyaya ɗaki ta kwana a kunne, hunturu kuma ƙura ta toshe fanka, ga man gas na janareta, ga batiran inbata da ke mutuwa duk bayan 'yan shekaru. Da aka kai kuɗin wutar rukunin A, wato masu samun wuta mafi yawa, naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, duk wanda na sani da ke wannan taurin kan ya sauko.

Akwai hanya ta uku da ba ku ambata ba: ka sayi ƙarfenka, ka kai shi cibiyar ajiye sabobi a cikin ƙasa, ka biya kuɗin wuri da wuta. Legas akwai Rack Centre da MDXi, Abuja akwai Galaxy Backbone. Tawa tana Legas. Ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka katse ta wajen Kodebuwa, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, masu saba a Turai sun ga ta kansu, shafi na juyawa ba ya buɗewa. Abokan hulɗata dai suna shiga, domin zirga-zirgar ba ta fita ƙasar ba, ta IXPN take bi, wato mahaɗar layukan intanet ta cikin Najeriya. Sannan ɗana, bayanan yara kake riƙewa, sunayensu da hotunansu da lambobin iyayensu. Ka karanta dokar kare bayanai ta 2023 kafin ka zaɓi ƙasar da za ka ajiye su. In kuma wata rana ka samu aikin gwamnati, ƙa'idar NITDA, hukumar fasahar sadarwa ta ƙasa, ta ce bayanan gwamnati a gida ake ajiyewa.

Ɗan Maraɗi: Mu nan Nijar wannan ciwon kan na canji bai same mu ba, tunda sefa a ɗaure take da Yuro, 655.957 ba ta gaba ba ta baya. Shi ya sa galibinmu Faransa muke kama saba. Abin da ya farkar da mu gobarar birnin Strasbourg na Faransa ce, 10 ga Maris 2021, da gini guda na kamfanin hayar saba OVH ya ƙone ƙurmus. Mutane da yawa sun yi kwafin ajiya, amma kwafin yana wuri ɗaya da sabar, duk suka tafi tare. Tawa ba ta can, amma a ranar na shafa wa gemuna ruwa. Yanzu kowane dare rumbun bayanaina yana tafiya wani kamfani daban a wata ƙasa daban, kuma duk wata sai na sauko da shi na gwada ko yana tashi.

Yaro Mai Kod: Yaya, ka fita daga gajimare kawai. Kamfanin 37signals masu manhajar Basecamp sun kashe dala miliyan 3.2 a gajimare a 2022, suka sayi sabobin Dell nasu suka fice. Kuma ranar 20 ga Oktoba 2025 AWS, gajimaren Amazon, da kanta ta durƙushe a yankinta na Virginia a Amurka, manyan manhajoji suka tsaya cak. To ina tabbacin?

Maman Biyu: Su suna da ma'aikatan da aikinsu ke nan dare da rana. Ɗan Zazzau kuwa mutum ɗaya ne, in zazzaɓi ya kwantar da shi ranar sakamako wa zai tashi?

Baba Injiniya: Ta faɗi gaskiya. Kuma kada wani ya ruɗe ka da cewa AWS ta fara karɓar naira tun farkon 2025. Biyan ne ya yi sauƙi, ba sai ka bi 'yan katin dala ba, amma farashin da dala ake lissafa shi.

Ɗan Zazzau: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da dare na zauna na duba jadawalin amfani na shekara guda, abin da ya kamata in yi tun kafin in tambaye ku. Yawancin kwanaki sabar ko kashi goma na ƙarfinta ba ta ci. Ranar sakamako ma, abin da ke shaƙe ta haɗa takardar kowane ɗalibi ne a lokacin da uba ya danna, alhali zan iya haɗa su duka tun daren jajiberin ranar in ajiye. In na gyara wannan, irin sabar Bakatsine za ta ɗauke mu har da rara, ƙila ma ƙananan VPS biyu, wato yankin saba da ake haya, su isa. Zan kama guda na wata ɗaya a dogon hutun Agusta in gwada, tsohuwar tana kunne. Baba, zan nemi farashin Legas ɗin ma. Bakatsine, ranar ƙaura me zan kiyaye?

Bakatsine: Kwana biyu kafin ranar ka rage TTL na sunan shafin, wato tsawon lokacin da na'urori ke riƙe tsohon adireshin saba, zuwa minti biyar, don in ta ɓaci ka juya da sauri. Ka rufe biyan kuɗi kafin ka kwashe rumbun bayanai, kada wani uba ya biya kuɗinsa ya faɗa tsohuwar saba. Kada ka yi ranar Juma'a. Kuma ka rubuta lambobin diskin biyu a takarda ka sa a aljihu.