Abin da aka tattauna kan aikin matasa a lokacin korona

Ga abin da na tsinto daga wata doguwar muhawara da aka yi kan yadda korona ta shafi aikin matasa:

1. An yarda cewa masu cin guminsu kullum ne kullen Kano na Afrilun 2020 ya fi kayarwa: 'yan adaidaita sahu, 'yan dako a Kantin Kwari da Singa, da malaman makarantu masu zaman kansu, waɗanda albashinsu ya tsaya cak ranar da aka rufe makarantu.

2. Tallafin Survival Fund, shirin gwamnatin tarayya na ceto ƙananan sana'o'i a lokacin korona, ya ba masu sana'ar hannu da direbobi naira 30,000 sau ɗaya. Matsalar da aka fi ambata ita ce rajista ta intanet. Wanda sunansa na BVN bai yi daidai da na asusun banki ba, ko lambar wayarsa ta canza, sai ya ji shiru. Shawarar da aka bayar a lokacin: a gyara wannan a banki tun kafin a cike fom, kuma kada a ba ɗan kafe (mai shagon intanet) lambar sirri.

3. Kan ayyukan wucin gadi 774,000 na gwamnatin tarayya, na naira 20,000 a wata har wata uku, ra'ayi ya rabu. Wasu sun ce ya toshe ɓaraka, wasu sun ce wata uku ba aiki ba ne.

4. Kuɗin korona da aka raba ta bankin NIRSAL bashi ne, kodayake da yawa sun ɗauka kyauta ce.

5. Teloli da suka koma ɗinkin takunkumi da masu POS sun samu, amma kasuwar takunkumi ta mutu da wuri.