Wane lokaci ya fi dacewa in kai iyalina Yankari?

Mai tambaya, daga Runjin Sambo:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa zuwa gandun dajin Yankari da ke jihar Bauchi. Tun bara na yi wa yarana uku alkawarin zan kai su su ga giwa da idonsu, domin ko babbansu bai san ta ba sai a littafi da talabijin. Mahaifiyata ma ta ce ba za a bar ta a gida ba, tana son ta tsoma ƙafafunta a ruwan ɗumi na Wikki, mai ɓulɓulowa a cikin dajin, da take jin labarinsa. Ba ni da damar tafiya sai lokacin hutun makaranta, wato Disamba, ko Afrilu, ko dogon hutun Agusta. Tafiya ce mai nisa da cin kuɗi daga Sakkwato, kuma ba zan so mu dawo ba mu ga komai ba sai itatuwa.

Wani dattijo, daga Gawon Nama:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ka fara cire Agusta daga lissafi. Damina a can tana kamawa daga Mayu zuwa Satumba, ciyawa takan yi tsawon da za ta ɓoye ɓauna, hanyoyin cikin daji su yi taɓo, ga ƙudan tsando da sauro. Babbar matsalar ita ce ruwa yana ko'ina, don haka dabba ba ta da dalilin fitowa inda za ka gan ta, a dajin da faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,200.

Idan ganin dabbobi ne ya kai ka, bazara ce lokacinka, daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu. A lokacin kududdufai sun ƙafe, ganye ya zube, ciyawa ta kwanta, sai ƙishirwa ta tattaro giwaye da gwanki da gwambaza zuwa bakin kogin Gaji, wanda ba ya ƙafewa duk shekara. A nan motocin zagayen daji suke bi da baƙi. Ku shiga fitar sassafe ko ta bayan la'asar, domin da rana tsaka kowace dabba tana inuwa. Ni dai a watan Afrilu na ga garken giwaye, kuma har yau ban manta ƙarar karyewar rassa da ta riga su isowa ba.

Wata Hajiya, daga Mabera:
Baba ya yi gaskiya a kan dabbobi, amma Malam ka tuna da tsohuwa za ka yi tafiya. Duk wanda ya san Afrilun Sakkwato ya san abin da zafi yake yi wa mai shekaru, kuma Maris da Afrilu su ne watannin da suka fi zafi a Yankari ma. Mu a farkon Janairu muka je da yara. Da asuba akwai sanyi sosai, har sai da muka sa rigunan sanyi a cikin mota, amma a nan ne daɗin Wikki yake, domin ɗuminsa yana nan wajen digiri 31 dare da rana, kuma ruwan garai-garai yake har kana ganin yashin ƙasa. Wurin da ba shi da zurfi ya ishi Mama ta zauna ta jiƙa ƙafafunta. Mun kuma iya takawa zuwa kogunan dutse na Marshall, waɗanda mutanen zamanin da suka sassaƙa a jikin dutse, ba tare da kowa ya galabaita ba.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, ba mu ga giwa ba, sawunta da kashinta kawai aka nuna mana, kuma autana ya yi kuka. Mun ga gwanki da mazo da gadu. Birai kuwa a tsakar masauki suke yawo, suna fizge leda daga hannun yaro, saboda haka a rufe ƙofa da taga, kada a ci abinci a fili. Ka kauce wa kwanakin Kirsimeti zuwa sabuwar shekara, jama'a sun yi yawa kuma ɗaki yana wuyar samu.

Wani direba, daga Arkilla:
Yallaɓai, ko wane wata ka zaɓa, kada ka yi wannan tafiya a yini ɗaya. Ka fito bayan gari ya waye, ka bi Gusau da Funtuwa da rana, ka kwana a Zariya ko Kano, washegari ka isa Bauchi. Ka tambayi direbobin tasha halin da hanya take ciki kwana ɗaya kafin ka tashi. Daga Bauchi hanyar Gombe za ka kama, ka ratse a Dindima zuwa ƙofar Mainamaji, daga nan kuma da sauran tafiya kafin masaukin Wikki, don haka ka sha mai a cikin gari. A Disamba hazo yana rage gani da safe, a yi haƙuri da gudu.

Mai tambaya:
Allah Ya saka muku da alheri. Na karanta wa Mama amsoshinku, ta ce a fifita yaran, ita za ta zauna a inuwa bakin Wikki yayin da muke zagaye. Mun tsayar da hutun Afrilu, kwana uku, don mu samu fita daji aƙalla sau huɗu. Baba, kwanakin nan sun isa, ko in ƙara ɗaya?