Masu tafiya a ƙasa da masu keke, yaya kuke fama da titunan Kaduna?

Uwar gida daga Unguwar Sarki: Salamu alaikum 'yan'uwa. Jiya bayan la'asar na riƙo hannun mahaifiyata za mu tsallaka titin Ali Akilu, muka shafe kusan minti 10 a tsaye. Titi ya yi faɗi, ya yi kyau tun aikin sabunta birni da aka faro a 2019, wannan ba musu. Amma tsohuwa mai ciwon gwiwa ba ta iya gudu. Sai da wani mai Keke Napep ya tsaya ya tare mana hanya, Allah ya saka masa. Ku ma ku faɗi naku.

Mai keke daga Rigasa: Hajiya, naku da sauƙi. Ni kullum sai na ratsa baifas ta Bakin Ruwa kafin in shiga gari. Tirela da tanka a dama, 'yan acaɓa a hagu. Idan na matsa gefe, yashi ya taru a bakin kwalta, taya ta zame. Ran nan iskar wata tirela kawai ta jefa ni cikin kwata, gwiwata ta yi sati biyu a kumbure. Tun da fetur ya tashi a 2023 mutane da yawa a layinmu sun koma keke, amma ko taku ɗaya ba a ware mana ba. Siririn layi ma ya ishe mu, in dai an sa ɗan kankare tsakaninmu da mota. Fenti kaɗai direba ba ya ganinsa.

Tsohon ma'aikacin masaƙa: Ɗana, Allah ya kiyaye gaba. Lokacin da masaƙun Kakuri ke aiki, in aka tashi sai ka ga kekuna sun cika hanya kamar fara, Rali da Fonis. Yawanmu ne ke kare mu, mai mota dole ya bi a hankali. Ga inuwar bishiyoyi a gefen hanya. Yanzu ina zuwa masallaci a ƙafa, rana tun daga ƙofar gida.

Malamar firamare, Tudun Wada: Baba ya taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Ɗalibaina a kan kwalta suke tafiya, don gefen hanya buɗaɗɗiyar kwata ce. Da damina ruwa ya rufe ta, ba ka sanin ina hanya ina rami. Rufe kwatar nan da sulab kaɗai ya zama hanyar ƙafa.

Ɗan kasuwa: A yi adalci, wasu sababbin titunan an yi musu daɓen masu tafiya. Mu ne muka cinye shi. Ku je wajen Kasuwar Sheikh Gumi ku gani: tebur, baro, mota a fake. Ni ma na taɓa baza kaya a kai, sai da na ga wani makaho ya sauka titi saboda ni, na kwashe.

Uwar gida: Malama, ta wace hanya yaran ke bi? Gobe in Allah ya kai mu zan biyo in gani da idona.