Muryar halittar Victor a Frankenstein: ta bakin wa muke jin ta?

Assalamu alaikum. Ina rubuta sharhi kan littafin labari mai suna Frankenstein na Mary Shelley. Hujjata ita ce babban laifin Victor, masanin kimiyyar da ya ƙera wata halitta mai siffar mutum, shi ne guje wa halittarsa a daren da ta buɗe ido.

Ga inda na maƙale: ƙorafin halittar da labarin zamanta kusa da iyalin De Lacey, waɗanda take leƙe a ɓoye, duk ta bakin Victor muka ji su, shi kuma ta wasiƙun Walton, kyaftin ɗin jirgin ruwan da ya ceto shi. Na kwatanta bugun 1818 da na 1831, tsarin bai canza ba. Na 1831 ma ya ƙara ɗora abin kan ƙaddara, sai hujjata ta raunana.

Sau ɗaya tak halittar ta yi wa Walton magana kai tsaye, a kan gawar Victor. Shin wannan ganawar ta isa ta gaskata abin da Victor ya ruwaito daga gare ta?