Wa zai sauke marar lafiya daga kan keke?

Malam Habu:
Salamu alaikum. Na sake kallon tsohon hoton tseren keke na Faransa, barci ya ƙaurace mini. Mai amsawa ya riƙe mini amsa-amon "ba".

Da sunan Allah nake farawa,
Batun rai ne, ban zo da wasa ba.
Ran 13 ga Yuli, 1967,
Ranar da masu keke ba su mance ba.
Tom Simpson ɗan Ingila na hawan Ventoux,
Dutsen da itace bai yi wa inuwa ba.
Kwanaki ciki na murɗa, ga gudawa,
Abin da ya ci bai zauna ba.
Ya faɗi, aka mai da shi kan sirdi,
Ya sake faɗuwa, bai tashi ba.
An sami ƙwaya da giya a jikinsa,
Shekara 30 ma bai cika ba.
Masu bin sa a mota nake tambaya,
Ashe ciwon nan ba su gani ba?

Garba:
Malam, a yi wa ƙungiya adalci,
Ba su ɗaure shi da igiya ba.
Baligi ne, shi ya nemi ci gaba,
Wanda ya ce zai iya, ba a raina shi ba.
Mutum takwas ke shiga wa kowace ƙungiya, mako uku,
In ɗaya ya fita, ba za a kawo wani ba.
Geraint Thomas, 2013, ƙugu a tsage,
Ya kai Paris, bai ajiye ba.

Asabe:
Yaya Garba, tafin da muka yi masa,
Shi ne cutar da ba mu gane ba.
Tsagewar ƙashi daban, zazzaɓi daban,
Ƙwayar mura ba a maƙogwaro kaɗai take ba.
Takan gangara ta kumbura naman zuciya,
Mai ita na tuƙi, bai sani ba.
Ka ɗora mata hawan dutse da zafi,
Bugun kan rikice, ba a shirya ba.
Wanda kwantiraginsa ya kusa ƙarewa,
Ko yana amai ba zai faɗa ba.
Wanda kansa ya bugu kuwa, Yaya,
Shawararsa ba abar dogaro ba ce ba.
Romain Bardet a 2020 ya sha ƙasa,
Ya miƙe da tangaɗi, ba a tsai da shi ba.
Sai da ya kai ƙarshe aka ɗauki hoto,
Ga jini a cikin kai, ba ƙaramin abu ba.

Malam Habu:
Madalla, ƙanwata, kin taɓo jijiya. Bari in ƙara wanda ya faranta mini rai.

Remco Evenepoel ɗan Beljiyam na tseren Italiya,
2023, ya ƙwato rigar jagora, ba wasa ba.
Ya ci tseren ranar, korona ta bayyana,
Aka mai da shi gida, ba a jira ba.

Garba:
Na sassauta, amma da sauran rina a kaba,
Akwai ƙullin da ba ku kwance ba.
Likitan nan, ƙungiya ke biyan sa,
Mai ba ka abinci, ba ka iya musa masa ba.

Asabe:
To ya kamata UCI, hukumar keke ta duniya, ta kawo nata likitan,
Wanda manaja bai ɗauka ba.
Ya auna zafin jiki kafin a tashi,
In ya hau, ba za a ba shi lamba ba.
Albashin mai jinya kuma ya ci gaba,
Wata ya ƙare, ba a zaftare ba.