Injiniya ya ce gidanmu zai ɗauki bene, mu zuba dekin?

Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nike nema. Gidan da Baba ya bar muna a unguwar Mabera ta Sakkwato muke son ɗora mai bene, munka kawo injiniya ya auna filoli da faɗin ɗakuna, ya tahi ya dawo da takardun lissahi ya ce ginin zai ɗauka. To amma ba mu da zanen gidan, maginin da ya yi aikin ya rasu, ga kuma tsaga a bangon gabas kusa ga taga. Wanga lissahi ya isa mu zuba dekin?

Wani injiniya: Wa alaikumus salam Malam. Ka tambaye shi lambobin da ya yi lissahin da su ina ya samo su. Don lissahi sai an ba shi ƙarfin kankare da kaurin rodi da zurfin fandisho, shi kuwa tsohon gini duk waɗanga a rufe suke, in bai buɗe ba to ƙiyasi ya yi, ya ɗauka kwaɓin 1:2:4 (siminti ɗaya, yashi biyu, tsakuwa huɗu) anka yi alhali ƙila yashi ya rinjayi siminti, ya ɗauka rodi 16mm ne a fila ashe 12mm ne. A tona gefen fandisho a ga zurfinshi da irin ƙasar, a ɗan sassaƙe fila a ga rodi ko ya yi tsatsa, a yanki kankaren a kai gwaji.

Wani magini: Gaskiya ne ranka ya daɗe. Mu mun sha fasa fila mu iske bulo ne anka yi ma filasta, ko rodi guda babu.

Wata 'yar uwa: Ni hwa gidan da ya sha damina da zahin Sakkwato shekara da shekaru bai motsa ba ai shi ma shaida ne.

Injiniyan: Hajiya shaida ne kan nauyin kwano da katako da yake ɗauke da su yanzu. Dekin mai kaurin 150mm kowace murabba'in mita tana kai kilo 360, ba a sa bulon sama da mutane ba. Ita kuma tsagar, in a karkace take tana ƙara buɗewa, sau da yawa fandisho ne ke zama.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, a karkace take kuwa. Mi zan yi kahin injiniyan namu ya dawo?

Injiniyan: Ka shafa siminti siriri a kanta ka rubuta kwanan wata, in ya sake tsagewa tana motsi. Ka kuma duba ko shina da rijistar COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, ya sa hatiminshi a rahoton bayan an tona.